Baɗin Nomau

Ran Talata muka haƙa wa Nomau gida a Agege,
ƙasa ta ƙi karɓar baƙo cikin sauƙi.
Taku uku kacal, sai ga ruwa ya ɓullo,
kamar teku ce ta leƙo ta'aziyya.
Haladu ya dira ciki da bokitin fenti,
yana kwalfewa, yana dawowa, yana kwalfewa,
mu kuwa makara na bisa kafaɗa,
ta sage, amma ba mai cewa a sauke.

A Illela, inda aka binne cibiyarsa,
sai an jiƙa ƙasa kafin diga ta ci.
Kullum zancensa ɗaya: "Baɗi zan koma.
In na sai da albasar bana, na rufa ɗakin nan,
ni da Ikko sai dai a labari."
Shekara ashirin da bakwai yana baɗi.

Baɗin ta zo ta same shi zaune kan buhu
a kasuwar Mil Sha Biyu, da hantsi,
biro a kunne, ciniki a baki:
"Dubu arba'in da..."
Har yau ba mu san da nawa ba.
Iya Risikatu, mai taya kaya kamar faɗa,
ita ta tare kansa kafin ya kai ƙasa,
ta kwance ɗankwalinta ta rufe masa fuska.

Ni aka ba aljihunsa in zazzage.
Ɓarin goro. Carbi mai giɓi ɗaya.
Rasit ɗin kwanon rufi, bandir biyu,
ya sha ninki har rubutun ya koɗe.
Sai ɗan littafin bashi mai warin albasa.

A danfo na buɗe shi, cikin cunkoson gada,
kwandasta na rataye yana kiran Oshodi,
ba wanda ya rage hon don Nomau ya tafi.
Ƙarƙashinmu ruwa shimfiɗe, ba ruwansa,
masu kwalekwale na jefa birgi.
Na ga sunaye, an ja musu layi:
Sallau mai baro. Maman Chidinma.
Yaron nan da mota ta take wa ƙafa.
Ni na san ba su biya ba.
Wallahi na sani, rumfarmu ɗaya.
A shafi na tara na ga sunana,
bashin da na ci shekarar da aka yi wa Ladi aiki,
na yi ta kauce wa idonsa damina biyu.
An ja masa layi. Da jan biro. Sau biyu.

To, me mutum ya zo yi?
Na ɗauka tarawa ce: buhu kan buhu,
a cika tirela, a koma gida da suna.
Ga wanda ya tara, ɗakinsa ba rufi,
ga shi kwance cikin laka, nesa da dangi,
abin da ya bi shi kuwa
ba ya cikin abin da ya ƙirga,
yana cikin abin da ya soke.

An ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.
Nomau ya yi. Ya bi ta ƙarƙashinmu shiru,
sai da aka haƙa muka gan shi.

Ni ma ina da tawa baɗin,
na ɗaure ta a leda, na cusa ƙarƙashin katifa.
Daren jiya ruwa ya kwana yana dukan kwano,
na kwana ina jin numfashina kamar na aro.

Da asuba na ɗage tamfol ɗin rumfarsa.
Buhun da bai ƙarasa sayarwa ba
ya huda kansa ta gefe:
koren tsiro, siriri, cikin duhu,
ba ƙasa, ba rana, ba wanda ya ce ya fito.
Na daɗe tsaye.
Sannan na laluba kunnena na ciro biro,
na buɗe nawa littafin.